Dodanni 55 a Jeri Ɗaya

Shirin yau na masu koyon rubuta wasannin kwamfuta ne, amma ko ba ka taɓa rubuta layi ɗaya ba, gyara zama.

Kowane dodo a cikin wasa yana da suna, da yawan rai, da sauri, da inda yake tsaye. Suna rubutu ne, rai lamba ce, a harshe irin C kuwa jeri ɗaya abu iri ɗaya kawai yake karɓa. To ina za a zuba wannan tarkace?

Mu leƙa Japan, shekarar 1978. Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya fito da Space Invaders: dodanni 55, sahu 5, kowane sahu 11. Me ya ajiye game da kowane dodo? Abu ɗaya tak, yana raye ko ya mutu, 1 ko 0. Gurbi 55, shi ke nan. Ko inda kowanne yake bai ajiye ba. Wuri ɗaya ake riƙewa, sauran a lissafo daga lambar gurbi, irin dodon ma sahunsa ke faɗa.

Ga inda abin ya burge ni. Na'urar ba ta matsar da su gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya take bi, dodo guda a duk sabunta allo. Idan su 55 ne, sai ta gama da 55 kafin ta dawo kan na farko. Kana harbe su zagayen na gajarcewa, suna ƙara sauri. Ku ji fa, kana harbi suna ƙara sauri! Na ƙarshen nan kuwa, wanda ya taɓa bugawa ya san wuyar kama shi. Nishikado ya ga haka, ya bar abinsa.

Sai 1993, Doom na kamfanin id Software. A nan dodanni sun bambanta ƙwarai, don haka aka ɗaure bayanan kowane iri a ƙunshi guda, aka jera ƙunsoshin. An saki lambobin wasan a 1997, kowa na iya dubawa: sojan farko ransa 20, Imp 60, Cyberdemon 4000. Wannan jerin na iri ne, ba ya canzawa. Dodon da ke yawo a fili yana da nasa ƙunshin daban, mai riƙe da ragowar ransa da wurinsa, yana kuma nuni zuwa ga irinsa. Wanda ya cakuɗa biyun, sai ya harbi Imp ɗaya duk 'yan'uwansa su ji ciwo.

Lokaci na neman ƙwace mana. A taƙaice, akwai hanya ta uku, ta Super Mario Bros. na 1985: jerin iri daban, jerin wuri daban, lambar gurbi ce ke haɗa su. Tana aiki, amma ka goge dodo a jeri ɗaya ka manta ɗayan, sai ran wani ya koma jikin wani.

Ɗalibi mai farawa, ni dai shawarata ka bi hanyar Doom: dodo ɗaya, ƙunshi ɗaya, jerin iri a gefe.