Ciwon Muƙamuƙi: Ɓarawon Barcin da Ba a Zargi

Da yawa cikinmu kan tashi da asuba da ciwon kai a gefen goshi, kunne na zogi, baki ya yi nauyin buɗewa. Sai a ce gajiyar kasuwa ce, a haɗiyi farasitamol a fita. Alhali sau da yawa daga muƙamuƙi matsalar take.

A gaban kowane kunne akwai gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Wanda ke cizon haƙora cikin barci, gaɓar nan da naman da ke motsa ta kwana suke suna aiki. Mai yin bai ma sani ba. Galibi uwargida ce ke jin ƙarar cikin dare. Ciwon na hana barci yin nisa, ƙarancin barci kuma na ƙara wa ciwon ƙarfi.

Damuwa ce kan gaba wajen jawo shi: bashi, kayan da suka maƙale a boda, faɗuwar kuɗi wajen canji. Sai goro, shayi, Nescafé da sigari. Sinadarin da ke wartsakarwa a goro, kusan rabinsa na nan a jini bayan awa 5. Goron la'asar ke nan yana raka mutum har shimfiɗa, ga kuma wahalar taunarsa.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari. Mai ƙaramin muƙamuƙin da ya ja baya, in ya kwanta rigingine harshensa kan toshe hanyar iska. Sai minshari mai ƙarfi, numfashi ya ɗauke, ya farka a firgice. Wannan na da alaƙa da hawan jini, kuma direban da ke bin hanyar Kwatano zuwa Yamai yana gyangyaɗi, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba.

Me za a yi? A bar goro da shayi mai kauri daga azahar. A rage kilishi da cingam in ciwon ya motsa. A dafa gefen fuska da tsumma mai ɗumi na minti 15 kafin kwanciya, kuma a kwanta ta gefe. Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.

In baki ya kasa ɗaukar yatsu uku a tsaye, ko haƙora sun fara cinyewa, a ga likitan haƙori. Akwai robar da ake aunawa a sa da dare. Uwargida kuwa, in kin ga numfashin maigida na ɗaukewa, kada ki yi shiru. Ku je asibiti tare, don ke ce shaidar da likita zai fi buƙata.