Cinikin Gaibu da Cinikin Ido da Ido

Batun da muka ɗauko muku yau shi ne sayen kaya ta intanet, da tambayar da magidanta ke yi wa juna a majalisa, wai ko har yanzu akwai riba a cikinsa, ko kuwa gara mutum ya sa takalminsa ya nufi kasuwa, yadda kakanni suka saba tun zamanin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, yau shekara ɗari biyar da ɗoriya.

Sayen abin da ido bai gani ba dai ba baƙon al'amari ba ne wurin malamanmu na fiƙihu. Duk almajirin da ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya kai babin ciniki, zai tarar an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, har ma da sayen dilar tufafi a ɗaure, bisa takardar da mai kaya ya rubuta abin da ke ciki. Amma da yake malaman sun san halin ɗan Adam, sai suka sa wa abin linzami, suka hana a sharɗanta biyan kuɗi kafin kaya su zo, sai fa in wurin kusa ne, ko abin ba mai sākewa ba ne, kamar gida ko gona. In kuwa kaya suka iso suka saɓa wa siffa, mai saye na da zaɓin mayarwa. Abin al'ajabi, da aka kafa kamfanonin Jumia da Konga a Ikko cikin 2012, kan wannan ƙa'ida suka faɗo, wato a biya bayan kaya sun zo hannu, ba don sun zauna gaban malami ba, sai don sun tarar jama'a ba su sakin kuɗinsu a kan hoto.

A shekarun farko an sami rangwame ƙwarai, kuɗin kawowa kuma bai taka kara ya karya ba. To, amma tun ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta zube a bayansa, lissafi ya juye, domin kayan da za a ɗauko daga Ikko zuwa Kano, tafiyar kilomita wajen dubu, dole wani ya biya kuɗin motarsu, wanin nan kuwa mai saye ne. Sau da yawa ragin da aka gani a waya, kafin kaya su iso ƙofar gida kuɗin aike ya cinye shi. Ita kanta Jumia a ƙarshen 2023 ta rufe sashenta na kai abinci.

A ganina, kaya iri biyu ne. Akwai wanda siffa ke ƙayyade shi sarai, kamar littafi, ko waya mai suna da lamba, ko wani ƙarfen inji da aka zaga gari aka rasa. A nan intanet ni'ima ce, musamman ga mutumin da ke nesa da birni, da matan da ba su cika fita ba. Akwai kuma wanda sai hannu da hanci sun yi shaida. Ina hoton da zai gaya maka nauyin shadda, ko ƙamshin turare, ko tsufan gero? Ni kaina na taɓa aika wa wani mai talla kuɗin yadi biyar na shadda ruwan toka, ana saura mako guda Salla, abin da ya iso kuwa ko tela da ya ɗaga shi sai da ya yi salati, na nemi mai tallan na tarar lambar a kashe.

Ɗan Kantin Kwari ba shi da ikon ɓacewa haka, domin rumfarsa na nan gobe, maƙwabtansa sun san shi, ga shugabannin kasuwa in ta kai ga ƙara. Za ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Mai awo ya yi maka gyara. In wata ya yi nisa mai kantin unguwa ya ba ka bashi ba takarda, ran da aka yi maka rasuwa kuma ka gan shi a sahun jana'iza. Ban ce duk 'yan kasuwa waliyyai ba ne, akwai masu algus da tauye mudu, waɗanda Alƙur'ani ya yi musu kashedi mai tsanani, amma mai cutar da ka san ƙofar gidansa dabam yake da wanda ba ka san ko garinsu ba.

Jama'a kuwa, ba tare da jiran fatawar kowa ba, sun riga sun gama hanyoyin biyu. Hajiya tana zaune a Maraɗi ko Yola, sai ta kira ɗan kasuwar da ta shekara goma tana ciniki da shi a Kwari, ya ɗaga mata atamfofi ta WhatsApp turmi bayan turmi, su yi ciniki har da tsegumin tsadar zamani, ta tura kuɗi ta banki, yaron shago ya kai ƙunshin tasha, ya rubuta sunanta a jikin buhu, ya ba ta lambar direba. Kashegari da hantsi ta aiki ɗanta ya karɓo.