Ingantacce da Ƙagagge a Tarihin Jose Rizal na Filifin

Al'ada ce ta 'yan Adam, idan Allah ya ɗaukaka wani har sunansa ya game duniya, sai masoya da maƙiya su taru a kan tarihinsa, waɗancan suna ƙara masa abin da bai yi ba saboda tsananin ƙauna, waɗannan kuwa suna jingina masa abin da bai sani ba saboda hassada ko neman abin dariya, har wanda ya zo daga baya ya rasa inda gaskiya ta tsaya. Haka ta faru ga Dokta Jose Rizal, likitan ido kuma marubuci, wanda mutanen tsibiran Filifin suke ɗauka babban gwarzonsu na zamanin mulkin mallakar Sifaniya. Malaman hadisi sun bar mana ma'auni mai kyau, domin idan aka kawo musu ruwaya sukan binciki shekarar haihuwar mai ruwayar da garuruwan da ya zauna, su ga ko ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa. Da wannan ma'auni za mu auna zantukan da ake yaɗawa game da Rizal.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne, an haife shi a garin Calamba ranar 19 ga Yuni 1861, ya fara karatun likita a Manila, sannan a 1882 ya hau jirgin ruwa zuwa Sifaniya da taimakon wansa Paciano, ya sami shahadar likitanci a jami'ar Madrid a 1884, ya ƙware a aikin ido a Faris da Heidelberg ta Jamus. A Barlin ya buga ƙagaggen labarinsa na farko, Noli Me Tangere, a 1887, da bashin da abokinsa Maximo Viola ya ba shi. Na biyun, El Filibusterismo, ya fito a Ghent ta Beljiyam a 1891. Duka biyun da harshen Sifaniyanci ya wallafa su, kuma duka biyun sun tona asirin zaluncin hukuma da na ɗarikun ruhubanawan Katolika, waɗanda suka mallaki manyan gonaki suka kuma riƙe ragamar garuruwa. An harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba 1896, yana da shekara 35.

Mafi raunin zantuka shi ne wanda ke cewa wai Rizal ne mahaifin Hitila. Hujjar masu faɗarsa ba ta wuce cewa ya zauna a Jamus ya kuma ratsa Ostiriya ba, alhali lissafi kaɗai ya isa ya rushe ta. An haifi Hitila ranar 20 ga Afrilu 1889, Rizal kuwa ya bar waɗannan ƙasashe tun tsakiyar 1887, ya koma gida Filifin, ya sake fitowa a Fabrairu 1888 ta Hongkong da Japan da Amurka, ya sauka Ingila a watan Mayu, yana Landan a lokacin da aka ɗauki cikin Hitila. Ɗan'uwan wannan zance shi ne wanda ke cewa shi ne Jack the Ripper, makashin matan nan na unguwar Whitechapel da ba a taɓa kamawa ba. Gaskiya ne yana zaune a Landan a 1888, shekarar da aka yi kisan, kuma haruffan farko na sunayen biyu sun dace. Amma zama a gari ɗaya da mai laifi bai taɓa zama shaida a gaban alƙali ba, kuma 'yan sandan Landan ba su taɓa sa shi cikin waɗanda suke tuhuma ba. Abin da ya kai shi birnin sananne ne: yana zuwa ɗakin karatu na British Museum yana kwafe littafin Antonio de Morga na 1609 a kan tarihin Filifin da hannunsa, ya yi masa sharhi, ya buga shi a Faris a 1890, don ya nuna cewa mutanensa suna da rubutu da fatauci da tsarin sarauta tun kafin zuwan Turawa.

Zancen da ya fi cancantar tsayawa shi ne na abin da ya je yi Turai, domin nan ne jama'a suka kasu biyu, kowane ɓangare da rabin gaskiya a hannunsa. Wasu sun ce makamai ya je nema, kuma shi ne ya kafa ƙungiyar asiri ta Katipunan ya jagoranci tawayen 1896. Wannan bai inganta ba. Samarin Filifin da suka taru a Sifaniya, irin su Graciano Lopez Jaena da Marcelo del Pilar, sun kafa jarida mai suna La Solidaridad a Basalona a 1889, Rizal yana cikin manyan masu yi mata rubutu, kuma buƙatunsu na gyara ne: a ba Filifin wakilci a majalisar Sifaniya, a daidaita ɗan ƙasa da Basifaniye a gaban shari'a, a miƙa majami'un garuruwa ga limamai 'yan ƙasa, a bar mutane su yi taro su buga jarida. Da ya koma Manila ya kafa La Liga Filipina ranar 3 ga Yuli 1892, ƙungiyar haɗa kai da taimakon juna, ba a yi mako ba aka kama shi aka kai shi zaman ɗaurin talala a Dapitan cikin tsibirin Mindanao, inda ya shekara huɗu yana duba marasa lafiya, yana koyar da yara, yana noma. Andres Bonifacio da abokansa ne suka kafa Katipunan ranar 7 ga Yuli 1892, kuma sa'ad da suka aika masa Dokta Pio Valenzuela a 1896 don jin ra'ayinsa, bai yarda a tashi ba tare da shiri da makamai ba. Yana hanyarsa ta zuwa Kyuba aikin likitan soja, da iznin gwamna Ramon Blanco, aka tsare shi aka komo da shi, kuma daga kurkuku ya rubuta takarda ranar 15 ga Disamba yana barranta daga tawayen.

Sai dai wanda ya ɗauki wannan ya ce Rizal bai da hannu ko kaɗan a juyin da ya faru, ko kuwa burinsa bai wuce zama Basifaniye ba, shi ma ya wuce gona da iri. Bonifacio ɗan La Liga ne, ya karanta littattafansa, kuma 'yan Katipunan sun mai da sunan Rizal kalmar sirri a tsakaninsu. Shi kansa ya rubuta a La Solidaridad cewa muddin Sifaniya ta ƙi gyara to rabuwa za ta zo, har ya yi hasashen Amurka na iya sa ido a kan tsibiran. Bayan an kori danginsa da maƙwabtansu daga gonakin Calamba saboda rigimar haya da ɗarikar Dominikan, ya yanke ƙauna daga roƙon Madrid, ya daina yi wa jaridar rubutu a 1891. Hukuncin adalci shi ne alƙalaminsa ya farkar da al'umma, takobin kuwa wasu ne suka zare shi ba da yawunsa ba.

Akwai kuma masu cewa Amurkawa, waɗanda suka karɓi mulkin ƙasar bayan Sifaniya, su ne suka ƙirƙiro gwarzantakarsa don su sami gwarzo marar faɗa. Gaskiya ne sun ƙarfafa girmama shi, har aka sa wa lardi guda sunansa a 1901. Amma tun a Disamba 1898 Emilio Aguinaldo, shugaban gwamnatin 'yan tawaye, ya ba da umarnin a riƙi 30 ga wata ranar makoki dominsa. Ita kuwa waƙar yabon harshen uwa da ake koya wa yara cewa ya tsara ta yana ɗan shekara takwas, ba a sami rubutunta da hannunsa ba, ba ta kuma bayyana ba sai a 1906, shekara goma bayan rasuwarsa, shi ya sa manyan masana tarihin ƙasar suka raunana danganta ta gare shi.

Mas'ala guda ce ta tsaya a matsayin saɓani na haƙiƙa, wato ko ya janye sukar da ya yi wa cocin Katolika a darensa na ƙarshe. Limaman ɗarikar Jesuit da suka kwana tare da shi sun ce ya janye ya sa hannu, kuma an fito da wata takarda daga taskar cocin Manila a 1935. Masu musu suna kafa hujja da cewa ba a nuna wa danginsa asalin takardar a lokacin ba, kuma an binne shi a ɓoye a maƙabartar Paco ba tare da akwati ba. Masana sun kasu a kan wannan har yau, kuma duk wanda ya faɗe ta da yaƙini, ta kowane ɓangare, ya faɗi fiye da abin da hujja ta ba shi.

Nasiharmu ga mai karatu ita ce, idan aka kawo masa labari a kan Rizal ko waninsa, ya fara tambayar shekara da wuri da wanda ya shaida, kafin ya isar wa na gaba. Wanda yake son sanin mutumin da kansa ya nemi littattafansa biyu, waɗanda aka fassara zuwa harsuna da yawa, kuma tun 1956 doka ta wajabta koyar da su a makarantun Filifin.