Duwatsu Masu Shimfiɗaɗɗen Kai na Kwarin Rima

Wanda ya tashi daga Gwadangaji da hantsi ya kama hanyar da ta bi ta Ambursa zuwa Argungu, in ya ɗaga kai ya duba nesa, zai riƙa hangen waɗansu jajayen duwatsu jefi-jefi, kawunansu a shimfiɗe sai ka ce an sa wuƙa an yanke su. Ba su da tsini, ba su kuma da wani tsawo na a zo a gani. Mutanen wurin sun saba da su har sun daina ganinsu. Abin da ya sa na ga ya kamata a yi bayaninsu shi ne, sau da yawa za ka sami ɗalibin makarantar horon malamai ya haddace labarin Dutsen Tebur na Afirka ta Kudu, har ya gaya maka tsawonsa wajen mita 1,085 ne, amma in ka tambaye shi abin da ya baje kan Dutsen Dukku da ke nan Birnin Kebbi sai ya yi shiru. Laifin kuwa ba nasa ba ne. Littattafan labarin ƙasa ne suka koya masa duban nesa kafin duban gida.

Da fari sai mu rarrabe abu biyu waɗanda Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Kwatarkwashi na ƙasar Zamfara dutse ne, Kufena na Zariya dutse ne, Dukku ma dutse ne, amma asalinsu ba ɗaya ba. Na farkon biyu curi ne na dutse mai tauri, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, wanda ya daskare can cikin ƙasa tun zamani mai nisa, sa'an nan abin da ya lulluɓe shi ya zaizaye ya bar shi tsirara. Saboda haka bayansa a dunƙule yake, sumul kamar ƙwarya a kife. Na kwarin Rima kuwa ba curi ba ne. In ka je inda ruwa ya yanka gefensa ka duba, za ka ga shimfiɗu ne hawa-hawa, yumɓu fari ko ja-ja, sai rairayi, sai wani yumɓun, a can sama kuma ɓawon marmara ya rufe su duka. Ba aman wuta ne ya yi su ba, ba kuma ƙasa ce ta tunkuɗo su sama ba.

Shimfiɗun nan suna da tarihi, kuma an daɗe ana bincikensa. Falconer ya fara bayaninsu cikin littafin da ya buga a 1911 a kan duwatsu da labarin ƙasar Nijeriya ta Arewa, Brynmor Jones ya biyo baya da nasa a kan Lardin Sakkwato a 1948. Abin da aka tabbatar shi ne, ƙasar Sakkwato da Kabi gefen wata babbar kwatarniya ce wadda cibiyarta ke can cikin Jamhuriyar Nijar, masana suna kiranta da sunan Abzinawan Iwillimmidan. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce teku ya malalo ta Sahara ya kwanta a wannan kwatarniya, ya janye, ya sāke dawowa. Shaidarsa tana nan. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai jan ciki, har aka raɗa mata suna da sunan garin. Farar ƙasar Kalambaina kuma, wadda aka fara yin siminti da ita a Sakkwato a 1967, tarin ɓawon ƙananan halittun tekun nan ne. Da tekun ya janye janyewar ƙarshe, sai koguna da tafkuna suka shiga zuba rairayi da yumɓu bisa abin da ya bari, shekara da shekaru, har kaurin ya kai wajen mita 300 a waɗansu wurare. Wannan shimfiɗa ta sama ita ce masana suka sa wa sunan Gwandu, ita ce kuma ƙasar da Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu ke zaune a kanta.

To, saura marmara, gama ita ce kan maganar. Turawa suna ce mata laterait, sunan da wani likita Francis Buchanan ya ƙago a 1807 daga kalmar Latin mai ma'anar tubali, don ya ga mutanen kudancin Indiya suna yanka ta suna gini. Mu kam muna da sunanmu tun kafin nan. Yadda take samuwa shi ne, a ƙasa mai zafi inda damina da rani ke bin juna, ruwan sama yakan ratsa ƙasa ya narkar da abin da ke narkewa ya tafi da shi, ya bar ƙarfe, domin shi ƙarfe in ya haɗu da iska tsatsa yake yi ya tsaya. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, da rani ya sauka. Tsakanin matasarsa da masaukarsa nan tsatsar ke taruwa kaɗan kaɗan. Muddin tana binne da damshi tana da ɗan taushi. Ranar da ƙasar da ke bisanta ta kau, rana ta doke ta, sai ta ƙeƙashe, ba ta kuma komawa taushi. Jan da ake gani a jikinta jan tsatsa ne, ba wani abu ba. Masana sun lura kuma ba dukan dutsen ƙarfen wannan ƙasa ne ya samu ta haka ba. Akwai wani mai ƙwayoyi ƙanana kamar gero wanda ya kwanta cikin ruwa tun farko. Amma ga abin da muke bayani aikinsu ɗaya ne, watau murfi mai tauri bisa abu mai taushi.

Nan ne ya kamata malami ya tsaya ya natsu, don nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. Ido yana nuna mana dutse ya tashi daga ƙasa. Gaskiyar al'amari kuwa ita ce, dutsen yana nan inda yake, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta tafi. A dā fili ne guda shimfiɗaɗɗe, marmara ta rufe shi. Koguna suka sami inda murfin ya tsage suka yanka, da suka kai ga yumɓu da rairayi kuwa sai aiki ya yi musu sauƙi. Ruwa ya riƙa rarake ƙarƙashin murfin, bakin murfin ya rasa abin da zai dogara a kai, ya karye ya gangaro. Manyan gutsattsarin marmara da ake gani zube a gindin kowane irin wannan dutse su ne shaidar haka. Saboda haka dutsen ta gefe yake ƙarewa, ba ta ka ba: faɗinsa na raguwa, tsawonsa na nan. Babban tudu ya rabu ya zama duwatsu masu faɗin kai, su kuma su tsuke su zama 'yan tsirarun kawuna, har ran da murfin ya ƙare, sa'an nan abin da ya rage ya narke ya zama tulin tsakuwa. Hujja mafi sauƙin nunawa ita ce, in mutum ya hau kan ɗayansu ya duba sauran, zai ga kawunansu kusan a layi ɗaya suke, kamar ragowar rufin soro guda. Akwai ma wani abin mamaki. Da yake ruwa mai ɗauke da ƙarfe gangare yake bi, marmara takan fi kauri a inda ya kasance kwari, har ya zamana a waɗansu wurare kwarin jiya shi ne kan dutsen yau.

Gulbin da muke gani yanzu ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi faɗinta yakan kai kilomita 8, ta fi ƙarfin ruwan da ke bi ta cikinta a zamaninmu. An yi zamanai masu ruwa fiye da namu, an kuma yi masu fari, lokacin da iska ta kwaso rairayin hamada ta zuba shi a gindin duwatsun, shi ne jigawar da ake noman gero a kanta. Wanda ya ƙetara zuwa Nijar ya ga Dallol Mawuri, ƙaton kwarin da kogi ya haƙa ya mutu ya bari, da duwatsun Dogon Dutsi tsaye a bakinsa, ya ga ɗan'uwan kwarin Rima.

Irin wannan halitta tana ko'ina inda abu mai tauri ya kwanta bisa mai taushi. A gida akwai Dala da Goron Dutse a Kano, akwai Patti da ke kan Lokoja. A Habasha ana kiran irinsu amba, a kan ɗayansu ne, watau Magdala, Sarki Tewodros ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe gaban rundunar Ingila a 1868. A Benezuwela ana ce musu tefuyi, mafi shahararsu Roraima, mai tsawon mita 2,810, sai dai murfin nasu dutsen rairayi ne ba marmara ba. Littattafan Turai sun ari kalmar Sifaniyanci, mesa, watau tebur. Na ga waɗansu malamai suna so a ɗauko ta yadda take a sa cikin Hausa. Ban goyi bayan haka ba, gama Bahaushe ya riga ya ba maciji wannan suna, kuma yaron da aka ce wa ya zana mesa a allo ba dutse zai zana ba. Dutse mai shimfiɗaɗɗen kai ya ɗan yi tsawo, amma ba ya ɓad da kowa. In ana son gajere don duwatsun ƙasarmu, tudun marmara ya isa.

Manomin Kabi bai karanta Falconer ba, amma ya raba ƙasarsa daidai da yadda halittar ta raba ta. Kan dutse fako ne, garma ba ta kama shi, ruwa ba ya shigarsa, sai geza da sabara ke fita, ana kiwo ana yin itace. Gangare da jigawa na gero ne da dawa da wake. Fadama kuwa, inda gulbi ke zuba laka kowace shekara, ta shinkafa ce da su, da albasa da sauran kayan rani. Garuruwa kuma suka jeru a bakin tudu, kusa da ruwa amma inda ambaliya ba ta kai ba. Tarihi ma ya bi wannan tsari. Ganuwar Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, da dutsen wurin aka gina ta, shi ya sa har yau akwai abin gani, aka kuma sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964. Birnin Kebbi da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805 a bakin tudu yake, yana duban fadama. Gwandu kuwa cikin kwari take tsakanin duwatsu, haka Barth ya same ta ya kwatanta ta da ya sauka can a 1853.

Akwai wata fa'ida ta shimfiɗun nan wadda ido ba ya gani. Ba a miƙe sak suke kwance ba, sun ɗan karkata wajen arewa maso yamma. Ruwan sama yakan shiga shimfiɗar rairayi a inda ta fito fili a kan tudu, ya bi karkatar ya shige ƙarƙashin yumɓu, yumɓun ya danne shi. In aka huda yumɓun a wuri mai gangare sai ruwa ya taso da kansa. Binciken da ma'aikatan duwatsu na Nijeriya da na Amurka suka yi tare, wanda Anderson da Ogilbee suka buga sakamakonsa a 1973, ya nuna irin waɗannan rijiyoyi masu ɓulɓulowa a fadamar wajen Argungu da Birnin Kebbi. Sai dai ajiya ce mai iyaka. Rijiyar da aka bari tana zuba dare da rana tana rage wa maƙwabtanta ƙarfi.

Tun da aka yi Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birninta, aka kuma gina sakatariyar gwamnati a Gwadangaji, gine-gine da hanyoyi sun yawaita, kowace hanya kuwa burji take ci. Burjin nan daga murfin duwatsun da gindinsu ake kwaso shi. Ba na cewa a daina, domin hanya ba ta yiwuwa sai da shi. Amma mai karatu ya riga ya ga abin da ke ƙarƙashin murfin. Inda aka ɓare shi aka tafi ba a gyara ramin ba, aikin da ruwa zai yi cikin dubban shekaru yakan fara shi cikin damina kaɗan: kwazazzabo ya buɗe, rairayi ya gangara ya binne gonar da ke ƙasa. Malamin da ke son ɗalibansa su ga shimfiɗun da idonsu, irin wannan rami ya fi ko'ina, gama an riga an yanka masa dutsen. Ya tafi da su da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, su auna kaurin marmara, su ɗebi yumɓu da rairayi daga kowane hawa, sa'an nan su hau kan dutsen su duba kawunan sauran.