Tukar Rake da Wutar Lantarki a Masana'antun Sukari na Sudan

Garin Showak yana cikin jihar Gadarif a gabashin Sudan, a bakin kogin Atbara, kusa da inda kogin Setit yake haɗuwa da shi. Akwai Hausawa da yawa a garin da kewayensa, kamar yadda suke a sauran sassan Gadarif. In mutum ya bi kogin nan ya yi arewa, zai tarar da madatsar ruwa ta Khashm el-Girba, wadda aka kammala a shekarar 1964. Da ruwanta ake ban-ruwan gonakin Sabuwar Halfa, inda aka tsugunar da mutanen Wadi Halfa bayan da tafkin madatsar Aswan ya cinye garinsu. A can ne kuma aka kafa ɗaya daga cikin tsofaffin masana'antun sukari na ƙasar.

Masana'antar sukari ta bambanta da sauran manyan masana'antu ta fuska ɗaya muhimmiya, wato makamashinta yana zuwa ne tare da kayan aikinta. Duk wanda ya taɓa shan rake ya san tuka, abin nan da ake tofarwa bayan an tsotse ruwan. Masu yin mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ba sa zubar da ita. Shanya ta suke yi, in ta bushe su hura wutar dafa ruwan raken da ita. Abin da babbar masana'anta take yi ke nan, sai dai ta ƙara mataki ɗaya a tsakani.

Ga yadda abin yake. In injin ya matse rake, kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa yana fita a matsayin tuka, ita kuwa tukar kusan rabin nauyinta danshi ne. Duk da haka tana cin wuta. Akan tura ta cikin manyan tanderu, zafinta ya tafasa ruwa har ya zama tururi mai ƙarfi. Tururin shi ke juya farfelar injin da ke samar da lantarki. Da ya fito daga injin ƙarfinsa ya ragu, amma da sauran zafi a jikinsa, don haka ba a sake shi ya bi iska, sai a kai shi ya dafa ruwan rake har ya yi kauri ya zama sukari. Tururi ɗaya ke nan ya yi aiki biyu, kuma wannan ne ya sa hanyar take da riba.

Misali mafi girma a Sudan ba a kan Atbara yake ba, yana can yamma a jihar Farin Nilu, kusa da garin Rabak. Shi ne kamfanin Kenana, wanda aka kafa a 1975 da jarin gwamnatin Sudan da na wasu ƙasashen Larabawa, ya kuma fara fitar da sukari a 1980. An tsara shi ne a kan ya samar da wutarsa daga tuka, wutar da za ta juya injuna, ta ɗago ruwa daga kogi zuwa gonaki, ta kuma haskaka gidajen ma'aikata. A 2009 kamfanin ya buɗe wani sashe na sarrafa baƙin ruwan da ke saura bayan an fitar da sukari, yana mai da shi itanol, wanda ake iya gauraya shi da fetur.

Irin wannan ake kira “makamashi mai sabuntuwa” a Hausar rediyo da jarida. Ya kamata ɗalibi ya lura da siffar kalmar: sabuntuwa daga sabuntu take, wato abin da yake iya komawa sabo. Man fetur in an ƙona shi ya tafi ke nan. Rake kuwa yana sake tsirowa, yana kuma zuƙe iskar kabon daga sarari sa'ad da yake girma, kwatankwacin wadda tukarsa za ta fitar in an ƙona ta.

Amma kalmar tana ɓoye wani sharaɗi. Rake ba ya sabuntuwa sai da ruwa mai yawa, kuma matsarsa aikin rani ne na 'yan watanni. In tukar da aka tara ta ƙare, dole a koma ga mai ko ga wutar gwamnati. A Sabuwar Halfa matsalar ruwan ta fito fili. Atbara yana gangarowa daga tsaunukan Habasha ɗauke da laka, lakar ta yi ta kwanciya a bayan madatsar Khashm el-Girba har ta cinye kusan rabin ruwan da take iya riƙewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka gina tagwayen madatsu kusa da Showak, Rumela a kan Atbara da Burdana a kan Setit, aka ƙaddamar da su a 2017 da ƙarfin megawat 320. Dubban mutane ne aka tashe su daga ƙauyukansu domin wannan aiki, abin da ba kasafai yake shiga lissafin masu yabon “wuta mai tsabta” ba.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya nuna wani rauni dabam. A watan Janairu na 2025 an kai hari da jirage marasa matuƙa a kan tashar lantarki ta Showak, wuta ta ɗauke a jihohin Gadarif da Kassala da Sennar. Masana'antar da ke dogara ga layin gwamnati takan tsaya cik a irin wannan rana. Mai ƙona tukarta tana iya ci gaba da aiki, muddin akwai ruwa a gona, akwai masu saran rake, akwai kuma hanyar da za a kawo shi bakin injin kafin zaƙinsa ya ragu.