Numfashi a Hankali Kafin Hannu Ya Tashi

Wata uwa ta kawo ɗanta asibitinmu a nan Banikanni, kunnensa a kumbure. Da na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ce ta mare shi. Ta wuni a kasuwar Arzeke ba ciniki, ta dawo ta tarar ya zubar da man gyaɗan miya. Ta ce, "Malama, wallahi ban san sa'ad da hannuna ya tashi ba." Na auna jininta, ya hau. Na ƙirga numfashinta, sau 26 a minti ɗaya, alhali tana zaune.

Babba mai lafiya, in yana hutawa, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In fushi ko tsoro ya zo, wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda sukan saki wani sinadari mai suna adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji. Allah ya yi mu haka domin mu tsere wa maciji ko gobara. Amma jiki bai san bambancin maciji da mai bin bashi ba.

Ba wanda zai ce wa zuciyarsa ta rage gudu ta ji. Numfashi kuwa yana hannunmu. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta sauka zuwa zuciya da ciki. Duk lokacin da kika fitar da iska, ita ce ke ja wa zuciya birki. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ki gwada: bugun yakan ɗan yi sauri in kin shaƙa, ya lafa in kin saki.

Ga yadda ake yi. Ki zauna, ki ɗora hannu a ciki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, ciki ne zai tashi, kafaɗu su zauna yadda suke. Ki saki ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura koko. Wannan yakan ba da kusan numfashi 6 a minti. Minti biyar da asuba bayan salla ko addu'a, minti biyar kafin barci. Tunanin kuɗin makaranta zai shigo, dole ne. Ki bar shi, ki koma ƙirga. In kin ji jiri, kin ja iska da ƙarfi ne, ki sassauta. Kada a yi kusa da hayaƙin murhu, da hunturu kuma a shiga ɗaki saboda ƙura.

Me ya haɗa wannan da ƙauna? Numfashi ba ya sa mugu ya zama mutumin kirki. Abin da yake bayarwa shi ne ɗan lokaci tsakanin ɓacin rai da hannu. Mai gida ɗan zemijan, ka wuni cikin rana da hayaƙi: in ka kashe babur a ƙofar gida, ka yi numfashi uku kafin ka yi sallama. Ni ma haka nake yi in layi ya yi tsawo, wata tsohuwa kuma ta soma ba ni labarin ciwonta tun daga bara. Da na ja numfashin nan sai in ga ina iya saurarenta. A ganina rowa ma sau da yawa tsoro ce, tsoron kada abin ya ƙare. Wanda ƙirjinsa ya sake ya fi saurin miƙa wa maƙwabci kwanon tuwo.

Amma a kula. Mai hawan jini kada ya bar shan maganinsa, mai asma ma haka. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ciwon ƙirji, ko haki ba tare da an yi aiki ba, na asibiti ne. Yaro kuma ba a koya masa haƙuri da saurin numfashi. In yana tari, ki ƙirga masa minti ɗaya cur yana kwance shiru: sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. Ki kawo shi ranar nan, ko da dare ne.