Tsohon Ƙarfe: Ku Duba Tambari Kafin Ku Sayar

'Yan'uwa manoma, masu sayen tsohon ƙarfe suna zagaya ƙauyukanmu, daga Horo Birni har Boɗinga da Shagari, suna auna kaya a sikeli. To, sikeli nauyi kaɗai ya sani. Cikin tarkacen da aka gada wurin kafinta ko ɗakin ajiyar ƙungiya, akan sami zarto ko gatari wanda ya fi sabon kanti kyau nesa.

Yawancin tsofaffin kayan aikin da suka shigo ƙasarmu na Ingila ne, kamar adda mai hoton kada ta kamfanin Martindale. Na Amurka ba su da yawa, amma sunaye uku sun isa a riƙe. Collins ya fara ƙera gatura a jihar Connecticut a 1826, daga baya ya ƙara da adduna, aka rufe masana'antar a 1966. Tambarinsa kambi ne da hannu riƙe da guduma. Disston kuwa zarto ne sana'arsa, tun 1840 a birnin Philadelphia, ana gane shi da wani maɓallin tagulla mai suna a jikin ƙota. Na uku Stanley, mai makankarin katako. Shi wannan a duba da kyau, gama a dā yana da masana'anta a Sheffield ta Ingila kuma, an rubuta ƙasar a jikin ƙarfen.

Me ya sa suke da ƙarko? Mu ɗauki zarto. Na dā, ƙarfensa duka ya sha wuta daidai, bai yi tauri ainun ba, bai kuwa yi laushi ba. In haƙora sun dakushe sai a bi su da magagari ɗaya bayan ɗaya, a ɗan karkata su dama da hagu, ya koma ci kamar sabo. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Yawancin na yanzu, haƙoran kaɗai aka ƙona suka yi baƙi, sun fi ƙarfin magagari. Ran da suka mutu, zarton ya mutu ke nan. Tsofaffin gatura ma, jikinsu ƙarfe mai laushi ne, aka haɗa masa baki mai tauri a wuta, don haka suna jimre duka, suna kuma riƙe kaifi. Maƙeranmu sun san wannan sarai, shi ya sa suke neman sifirin mota idan za su ƙera abin yanka.

A Amurka akwai masu tara irin waɗannan kaya don sha'awa. Ƙaramin makankarin Stanley mai lamba 1 yakan wuce dala 1,000 a wurinsu, saboda ƙarancinsa. Amma kada kowa ya sa rai da wannan. Lamba 4 da 5 ne aka fi samu, an ƙera su da yawan gaske, kuɗinsu kaɗan ne. A ganina amfaninsu gare mu yana wurin gyaran ƙofa da amalanke da karkiyar shanu.

In an sami mai tsatsa, a goge shi da kananzir da yashi mai laushi, a shafa baƙin mai. Kada a kai shi injin wasa, gama zafi yana kashe ƙarfen, ya kuma share tambarin. Ƙota in ta karye, masassaƙi ya yi wata. Wanda jikinsa ya tsage ko tsatsa ta huda bakinsa, wannan kam a ba mai sikeli. Sauran kuwa magatakardan ƙungiya ya rubuta su a littafi, da sunan wanda ya ara da ranar mayarwa.